Lambatun Kawu

"Kawu, ni fa ba tambayarka nake ko ya yi kyau ba. Cewa na yi wa ya sa a haƙa shi?"

"To ki dube shi dai tukuna," in ji Kawu, yana nuni da hular kwanonsa. "Ki ga yadda ya miƙe. Ko zare aka ja, iyakarta ke nan. Bakin katafila bai kauce mini ko sau ɗaya ba."

Ta duba. Lambatun kuwa ya miƙe sambal, tun daga tsakiyar fadamarta har bakin kwalbatin da ya ratsa ƙarƙashin sabuwar hanya. An gyara gefunansa sumul, an ba shi gangare mai kyau, aikin mutumin da ya tsufa yana korar ruwa. Kuma ya yi abin da aka haƙa shi dominsa. Ruwan da ta bari kwance har gwiwa ranar da ta tafi jinyar yayarta, babu shi babu alamarsa. Sai laka, ta fara tsagewa kamar dunduniyar manomi. Ganyen bado ya kwanta a kanta ruf da ciki, kyauro ya sunkuyar da kai, 'yan ƙananan kifaye sun taru a ɗan ruwan da ya rage cikin sawun katafila suna buɗe baki suna rufewa.



Ma'aikatan hanya Uwar Kwaɗi suke ce mata, ba ta kuma taɓa jin haushi ba. Masaniyar tsirrai ce. Da aka yanke cewa babbar hanyar za ta bi ta kan tsohuwar fadamar da ke bayan unguwar masu gyaran mota, sai hukuma ta gindaya wa kamfanin sharaɗi: fadamar da kuka binne, ku biya gari da wata. Aka ba ta ƙaton ramin da aka kwashi ƙasar ciko daga cikinsa, aka ce ta mai da shi fadama. Duk wani abu mai rai da ke cikin ramin nan yau, daga tsohuwar fadamar ta ciro shi da hannunta, saiwa saiwa, a bokitai da tsofaffin bahon wanki, katafiloli na ruri a bayanta. Tsohuwar kuwa yanzu tana ƙarƙashin kwalta. Idan waɗannan suka mutu, babu inda za a je a sake ɗebo irinsu.

"Ranar da kika tafi aka kwana ana ruwa," Kawu ya ci gaba, murnarsa ta fara raguwa da ya ga fuskarta. "Da safe muka zo muka tarar shukarki ta nutse, kawunan kawai ake gani. Na ce haba, yarinyar nan ta sha wahala, ta dawo ta tarar da haka? Ga kawunta a wurin, ga mijinta a wurin?"

"Nutsewar ita ce rayuwarsu, Kawu."

"Ikon Allah." Ya sosa ƙeya. "Ni dai tun ina kwandastan tifa aka koya mini, duk inda ka ga ruwa ya tsaya, to wani ne bai yi aikinsa ba."

"Shi ya ba ka umarni?"

Kawu ya dubi kwantenar da Injiniya, mijinta, ya mayar ofis, can bisa tudu, sannan ya dubi takalminsa. "'Yar nan, kin san halin da nake ciki. A gida surukina ne, sai ya durƙusa ya gaishe ni. A nan kuwa ni ke cewa ranka ya daɗe. Kada ki sa ni a tsakiya."

Ba ta jira ƙarshen maganar ba. Ta kama hawan tudun.

Ta same shi tsaye ya ba ƙofa baya, waya a kunne, yana ta cewa "To, ranka ya daɗe. An gama, ranka ya daɗe." Fanka tana ta kaɗa zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Takalman aikinsa biyu na gindin tebur, laka ta bushe a jikinsu, ga kofin shayin da ta saya masa an bar cokali a ciki. Da ya juyo ya gan ta sai fuskarsa ta washe, irin washewar da ta sa ta fara son sa tun ranar da ta tsaya a gaban katafilolinsa a tsohuwar fadama tana roƙon a ba ta lokaci. Ran nan bai kore ta ba. Ya kashe injuna, ya naɗe wando, ya shiga laka yana ɗaukar mata bokiti, ma'aikatansa suna dariya a ɓoye. Har yau idan ta tuna sai ƙirjinta ya yi mata nauyi. Yau ma ya yi, amma wani irin nauyi dabam.

Ya ajiye wayar. "Uwar Kwaɗi, saukar yaushe? Ya jikin Yaya?"

"Gyaran da ka ce ka yi mini a waya, shi ne wancan?"

Murmushin ya tsaya a rabi. "Kin gani ke nan."

"Na ɗauka shinge ka gyara mini. Har ina gaya wa Yaya cewa mijina mai tunani ne."

"Zauna mana."

"Ba zan zauna ba."

Ya ja numfashi. "Ni ba jahili ba ne, na san fadama sai da ruwa. Ragewa na ce a yi. Ruwan ya taso har ya fara lasar gindin cikon hanya, na ce wa Kawu ya buɗe masa ƙofa. Ban ce masa ga inda zai tsaya ba, shi ma bai tambaya ba. Mu a wurinmu lambatu ba ya tsayawa a rabin hanya, sai ya kai gindin kwalbati. Ban ma tuna akwai wata irin haƙa ba. Kafin in dawo daga can gaba, ruwan ya tafi."

"To na ji. Yanzu a toshe shi."

Ya ɗauki kofin shayin, ya sake ajiyewa.

"Leƙa waje ka ga gabas," ta ce. "Hadari ne ke haɗowa, kuma kai ma ka san damina ta zo ƙarshe. In wannan ya sauka ya bi lambatun Kawu ya wuce, ba lallai a sake yin wani ba sai baɗi. Saiwoyin suna da sauran rai, na taɓa su. Yau suna da shi. Ban san jibi ba."

"A kawo tankokin ruwa."

"Ramin da kuka gina rabin hanyarku da ƙasarsa za ka cika da tanki? Kafin na biyu ya iso, ƙasa ta shanye na farko."

"To ki mayar da su bokitai."

"Sun yi saiwa, sun bazu. Cirewa ta biyu kisa ce." Ta nuna waje da hannu. "Katafila ɗaya, ƙasa cike da bakinta sau biyar ko shida. Abin da nake roƙo ke nan."

Ya zo ya tsaya gabanta, ya rage murya, don bangon kwantena ba ya rufa asiri. "Saurare ni da kyau. Wuri mafi zurfi a raminki shi ne jikin hanyata. Duk ruwan da aka tare, can zai fara kwanciya. Gangaren nan ba mu jera masa duwatsu ba tukuna, ƙasa ce tsirara. In ruwa ya kwana a gindinta, zai shiga cikinta a hankali, daga waje ba za ki ga komai ba. Ranar Litinin za a buɗe hanyar. Motocin haya cike da mutane, tireloli, 'yan makaranta. Ba zan ɗora su a kan cikon da ya sha ruwa ba."

"To kada ka ɗora su. A ɗaga buɗewar."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya nuna wayar. "Kin san wanda na gama magana da shi? Manaja. An gayyaci manya, an sayo almakashin yanka kirtani. In na tare ruwan nan, ba motar da za ta hau sai rani ya yi, na jera duwatsu, na auna cikon na tabbatar. Wanda ya faɗa wa Manaja haka yau, gobe wani ne zaune a kujerar nan."

"Ai da sharaɗi aka ba ku hanyar."

"Sharaɗin ya ce a yi fadama. Za a yi. Baɗi a sayo wasu tsirran a dasa, ba wanda zai gane bambanci."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Kai ka ɗauko su a kanka. Har bado ya zubo maka laka a wuya. Yau kai ne mai cewa ba wanda zai gane?"

Ya kau da kai. "Ciyawa ce, masoyiyata. Can kuwa mutane ne."

"Ba mutanen kake tsoro ba. Da su ne, da ka rufe hanyar ka huta. Manaja kake tsoro."

Ta ga maganar ta shige shi, ta kuma ji zafinta a nata jikin. Amma ba ta janye ba. Ta fita, ta bar ƙofar a buɗe.

Waje ya canza. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaukar buhunan siminti da babu komai a ciki tana wurgi da su a kan kwalta. Balbelun da suka saba sauka a fadamarta suna ta kewaya sama, sun rasa wurin sauka. Ta gangara wurin katafila. Kawu na zaune a inuwar tayar sarƙa yana gyara igiyar takalmi, wadda ba ta kwance ba.

"Kawu, don Allah ka tada ta."

"Ya ce a tada?"

"Ni na ce."

"Ke ɗiyar ƙanwata ce, in kika ce in ba ki idona zan ƙwaƙule in ba ki. Amma wannan," ya dafa ƙarfen, "ba tawa ba ce. Ban taɓa motsa ta ba da izinin mai wuri ba, ba kuma zan fara da furfura ba."

Ta gyaɗa kai. Ta nufi inda leburori suka jingina kayan aiki, ta ɗauki shebur, ta ɗebi buhuna. Ta zame ta gefen lambatun ta faɗa ciki, a daidai inda ya fi ƙunci, kusa da bakin kwalbati. Zurfinsa ya kai mata ƙirji. Ta fara sarar gefen tana cika buhu.

Leburori suka matso bakin ramin suna kallo. Wani ya ce, "Uwar Kwaɗi za ta yi wa 'ya'yanta katanga." Ba wanda ya yi dariya. Wani ya miƙa hannu zai ɗauki shebur, ya dubi kwantena, ya mayar da hannunsa aljihu.

Buhu na farko ta ja shi da ƙyar ta kwantar. Na biyu ya yage. Tafin hannunta ya fara zafi, ɗankwalinta ya zame, ba ta tsaya gyarawa ba. Ita ma ta san aikin banza take yi, buhu uku ba sa tare ruwan unguwa guda. Amma tsayawa a kalla ya fi ƙarfinta. Ɗigon farko ya faɗo mata a wuya, mai nauyi, mai sanyi. Sai na biyu. Sai ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da take so tun tana yarinya, yau kuwa ya zame mata kamar ƙamshin bankwana.

"Fito daga nan." Muryar Injiniya ce a samanta. Ya fito ba hula, takalmi ɗaya ba a ɗaure ba.

Ta ci gaba da sara.

"Kin san duk ruwan unguwar sama nan yake gangarowa. Can an riga an fara. In ya iso, ba sallama zai yi ba, cikin kwalbati zai tura ki."

"Sai ka samu lambatunka ya wanke tas."

"Kawu, yi mata magana."

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, "tun tana rarrafe ba a ciro ta daga ruwa sai da kuka. Uwarta ma ta gaji ta bari." Ya durƙusa a bakin ramin, ya miƙo hannu. "'Yar nan, taho. Ni na yi ɓarnar, ki zage ni a gida. Taho."

Ruwan ya kece. Cikin ɗan lokaci ta daina ganin tudun sosai. Sai ta ji wani sanyi ya kewaye idon sawunta. Ta duba ƙasa: jan ruwa ne, ya taho ta lambatun da kumfa da ledoji, ya bugi buhunanta, ya kewaye su kamar ba su nan, ya wuce cikin duhun kwalbati. A kansa ta ga ganyen bado guda, ya tsinke, yana juyawa. Ta kai hannu, ya wuce.

Ruwan ya kai ƙwauri. Yana jan ta, a hankali, kamar yaro mai jan zanin uwarsa.

"Zan shigo in ɗauke ki," in ji Injiniya. Ya riga ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki.

Ta ɗaga kai ta dube shi. Ruwa na zuba a fuskarsa, idanunsa ba sa kan hanya, ba sa kan fadama, suna kanta. Ta gane cewa saura kaɗan ya ce a toshe. Zai faɗa, ba don ya yarda ba, sai don matarsa na tsaye a bakin kwalbati. Gobe kuma ya tashi da abin a ransa, jibi ma haka, har su tsufa: ta sa masa wuƙa a wuya a gaban ma'aikatansa. Ta ji kunya ta rufe ta, mai zafi, duk da sanyin ruwan.

Ta jefa shebur waje. Ta kama hannun Kawu, ba nasa ba, ta fito.

Ta tsaya gaban mijinta, laka har ƙugu, tana haki. "Na fito. Ba zan sake shiga ba, ko me ka yanke. Ba na so ka toshe shi don tsoron gawata." Ta share fuska da bayan hannu, hawaye da ruwan sama sun gauraya. "Maganar Manaja da na yi, ban faɗe ta da kyau ba. Hanyarka ce, kai ka san abin da za ta iya ɗauka. In ka ce ba hali, zan tsaya nan in kalle su har su tafi, in koma gida in dafa maka abinci. Zan yi kuka, kada ka hana ni. Iyakarta ke nan."

Ta juya ta fuskanci fadamar. Ruwa na shigowa ta ko'ina, yana malala a kan tsagaggiyar laka, yana taɓa gindin kyauro, yana ɗaga ganyen bado kaɗan kamar zai tashe su, sannan duk ya tattaru ya bi lambatu ya fice. Ƙarar kwalbatin ta cika wurin.  Leburorin da suka fake ƙarƙashin tifa sun zuba ido.

Injiniya ya miƙe. Ya daɗe yana kallon gangaren hanyarsa, jar ƙasa tsirara, ruwa na tsaga mata ƙananan hanyoyi. Ya taka har gindinta, ya danna ƙasar da dunduniya, ya ɗebo a hannu ya murza. Ya dubi baƙar kwaltar da ke sama, wadda ya ba ƙuruciyarsa, an riga an ja mata farin layi. Sannan ya dubi bayan matarsa. Ba ta waiwayo ba. Kafaɗunta kawai ke motsi.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya kare ta da tafin hannu, ya ga mai kiran. Kawu ma ya gani, ya ce a hankali, "Manaja ne, ranka ya daɗe."

"Na gani, Kawu. Hau katafilarka."

Tsohon ya yi tsaye. "In hau in yi me?"

Injiniya ya danna wayar, ya kai kunne, ya ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar ruwa, yadda na ƙarƙashin tifa ma za su ji.

"Ranka ya daɗe, ina jin ka. A'a, ba lafiya ba. Yanzu zan toshe lambatun fadama, ruwa zai kwanta a gindin ciko. A sanar da baƙi kada su zo ranar Litinin. Ba motar da za ta hau hanyar nan sai rani, in kuma wani za ka turo ya karɓi kujerar, ya same ni a nan."